Gwajin HIV a gida: Fata da fargaba a Samaru da Sabon Garin Zariya

Kimanin shekaru arba'in bayan da aka ba da rahoton ɓullar cutar ƙanjamau karon farko a Najeriya a shekarar 1986, har yanzu ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke hana mutane sanin matsayinsu shi ne tsoron a gan su a layin gwaji.

Magani ya samu, kuma kyauta ake bayar da shi a asibitocin da aka keɓe. Amma maganin ba ya isa ga wanda bai san yana ɗauke da ƙwayar cutar HIV ba.

Wannan ne ya sa hukumomin lafiya suka ɓullo da wata hanya ta daban, wato mutum ya gwada kansa da kansa a ɗakinsa, ya kuma karanta sakamakon ba tare da kowa ya sani ba.

Sai dai ra'ayoyi sun bambanta game da wannan hanya, tsakanin ma'aikatan lafiya da kuma mutanen da aka yi ta dominsu. Yankin Samaru da Sabon Garin Zariya a jihar Kaduna na daga cikin wuraren da ake iya ganin dalilan kowane ɓangare a fili.

Gari mai tara jama'a

Ƙaramar hukumar Sabon Gari, wadda gundumomin Samaru da Jama'a da Basawa da Bomo da Muciya ke cikinta, tana da mutane kimanin dubu 290 a ƙidayar shekarar 2006, kuma ta ƙara cika tun daga lokacin.

Sabon Gari dai ya kafu ne a zamanin Turawan mulkin mallaka bayan isowar layin dogo, inda baƙi daga sassa daban-daban na ƙasar suka zauna domin kasuwanci da aikin gwamnati.

Samaru kuwa nan ne mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona. Dubban ɗalibai ne ke shigowa suna fita a kowace shekara, da yawansu suna haya a cikin unguwanni.

Ga kuma barikin soja na Basawa, da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, da tashoshin mota da ke kan hanyar Kano da ta Sakkwato. Gaba kaɗan a Shika akwai asibitin koyarwa na jami'ar, inda ake kula da masu ɗauke da HIV daga sassa da dama na arewacin ƙasar.

Ke nan ba rashin asibiti ba ne matsalar yankin. Matsalar ita ce gari ne da kowa ya san kowa. Ma'aikaciyar jinyar da za ta ɗebi jinin mutum na iya zama maƙwabciyarsa, mai rubuta suna a kati kuma na iya zama abokin yayansa.

Babban binciken da gwamnatin Najeriya ta gudanar a 2018, wanda shugaban ƙasa na lokacin Muhammadu Buhari ya bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna cewa kashi 1.4 cikin ɗari na manyan mutane a ƙasar ne ke ɗauke da HIV, wato kimanin mutum miliyan 1.9 idan aka haɗa da yara.

A shiyyar arewa maso yamma adadin bai wuce kashi 0.6 cikin ɗari ba, amma jihar Kaduna ta fi maƙwabtanta na shiyyar, da kimanin kashi 1.1 cikin ɗari.

Wannan ci gaba ne idan aka tuna cewa a 2001 gwajin da aka yi wa mata masu zuwa awon ciki ya nuna kashi 5.8 cikin ɗari a faɗin ƙasar. To amma raguwar adadin na nufin waɗanda suka rage ba su san matsayinsu ba sun fi wuyar samu.

Yadda gwajin yake

Kayan gwajin iri biyu ne. Akwai wanda ake amfani da ruwan baki, kamar OraQuick, akwai kuma wanda ake huda yatsa a ɗiga jini, kamar INSTI.

A na baki, mutum zai shafa wani ɗan tsinke mai faɗin kai a dasashinsa na sama da na ƙasa, sannan ya tsoma shi a cikin 'yar kwalbar ruwan magani da ke zuwa tare da shi. Bayan minti 20 sai ya duba, kuma ba a amincewa da sakamakon da aka karanta bayan minti 40.

Layi ɗaya a wurin da aka sa harafin C na nufin ba a ga alamar cutar ba. Layi biyu na nufin akwai alama, ko da na biyun ya yi dishi-dishi. Idan layin C bai fito ba, gwajin ya lalace, sai a sake da wani sabo.

Abin da kayan ke nema ba ƙwayar cutar ba ce kanta. Suna neman sinadaran kariya ne da jiki ke samarwa domin yaƙar ta, kuma jiki na iya ɗaukar har watanni uku kafin ya samar da isassu.

Saboda haka wanda ya kamu a makonnin baya-bayan nan na iya ganin layi ɗaya alhali yana ɗauke da ita. Wanda kuma ya yi mu'amala mai haɗari a jiya ko shekaranjiya, asibiti ya kamata ya nufa, domin akwai maganin rigakafi da ake fara sha cikin sa'o'i 72.

Haka nan layi biyu ba hukunci ba ne na ƙarshe. Dole sai ƙwararren ma'aikaci ya sake gwaji a asibiti bisa tsarin da ƙasa ta amince da shi kafin a ce mutum na da cutar, kuma kafin a ba shi magani.

An kuma hana wanda ya riga ya fara shan maganin HIV yin amfani da waɗannan kaya. Maganin na iya sa sakamakon ya nuna layi ɗaya, mutum ya ɗauka ya warke ya daina sha, wanda hakan babban haɗari ne ga rayuwarsa.

Daga ina aka faro?

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ce ta fara amincewa da sayar da OraQuick domin amfani a gida a watan Yulin 2012. Birtaniya da Faransa suka fara sayar da nasu a 2015.

A shekarar ce kuma ƙungiyar Unitaid ta ɗauki nauyin wani babban shiri a Malawi da Zambiya da Zimbabuwe domin gano ko hanyar za ta yi aiki a Afirka.

A ƙarshen 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta shawarci ƙasashe su ƙara wannan hanya a kan waɗanda suke da su, sannan ta sake jaddada shawarar a 2019.

Ma'aikatar lafiya ta tarayyar Najeriya ta fitar da ƙa'idojin aiwatar da shirin a 2018. A yammacin Afirka kuma an gudanar da wani shiri mai suna ATLAS a Kodebuwa da Mali da Senegal, inda aka raba dubban ɗaruruwan kayan gwajin.

Burin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa a gaba shi ne kashi 95 cikin ɗari na masu ɗauke da HIV su san matsayinsu, kashi 95 na waɗannan su kasance kan magani, sannan kashi 95 na masu shan maganin ƙwayar ta ragu ainun a jininsu. Idan matakin farko bai cika ba, sauran biyun ba za su cika ba.

Abin da ke jan hankalin jama'a

A kusan duk binciken da aka yi a Najeriya, dalili na farko da mutane ke bayarwa na son gwada kansu shi ne sirri.

Najeriya na da dokar hana nuna wariya ga masu ɗauke da HIV ta shekarar 2014, wadda ta haramta korar mutum daga aiki ko makaranta saboda matsayinsa, ta kuma haramta bayyana sakamakonsa ba da izininsa ba.

To amma doka ba ta hana tsegumi. A unguwa, jita-jita kawai ta isa ta sa a fasa aure, ko a ƙaurace wa mai sayar da abinci.

Dalili na biyu shi ne lokaci. Ɗan acaɓa ko ɗan kasuwar Sabon Gari da zai bar sana'arsa ya wuni a asibiti ya yi asarar cefanen ranar. Maza dai dama ba su cika zuwa asibiti ba sai ciwo ya kwantar da su, saɓanin mata da ake gwadawa a wurin awon ciki.

Na uku shi ne tsoron allura, wanda ya sa wasu suka fi son na baki.

Wani bincike da Farfesa Zubairu Iliyasu da abokan aikinsa suka gudanar a tsakanin ɗaliban Jami'ar Bayero ta Kano, aka kuma wallafa a 2020, ya gano cewa mafi yawan ɗaliban ba su taɓa yin gwajin HIV ba, amma kuma mafi yawansu sun ce a shirye suke su gwada kansu idan sun samu kayan.

Wannan sakamako na da muhimmanci ga gari irin Samaru, inda rayuwa ta dogara kan ɗalibai.

Shakku da ruɗani

Duk da haka akwai masu ja da baya. Wasu ba su yarda cewa ruwan baki zai iya nuna abin da suka saba jin cewa a jini yake ba, don haka suka fi amincewa da na huda yatsa.

Wasu kuma tambayarsu ita ce, idan har ana gano cutar a baki, ashe ke nan ana iya ɗaukarta ta yawu, ko ta hanyar cin abinci a kwano ɗaya?

Amsar masana ita ce a'a. Ba a ɗaukar HIV ta yawu ko kofi ko cokali. Sinadaran kariyar jiki kawai ake samu a dasashi. Amma matuƙar ba a yi wannan bayani ba, kayan da aka kawo domin rage tsangwama na iya ƙara ta.

Akwai kuma batun karatu. Takardar bayanin da ke cikin kwalin yawanci da Turanci take, ko da yake akwai hotuna. Ɗalibin jami'a zai bi ta cikin sauƙi, amma manomi a ƙauyukan Bomo ko Basawa na iya buƙatar wanda zai nuna masa, ko kuma bayani da Hausa a rediyo ko a waya.

Wannan ne ya sa WHO ta tanadi hanyoyi biyu. Mutum na iya yi shi kaɗai, ko kuma wani da aka horar ya nuna masa yadda ake yi sannan ya ba shi wuri ya karanta sakamakonsa.

Damuwar ma'aikatan lafiya

Ma'aikatan lafiya da suka fara aiki tun kafin magani ya wadata an horar da su ne kan cewa ba a gwaji sai da nasiha kafin a yi da kuma bayan an yi. Sun ga yadda mutane ke ruɗewa idan aka faɗa musu sakamako.

Don haka babbar tambayarsu ita ce, wa zai kasance tare da matashin da ya ga layi biyu shi kaɗai da tsakar dare?

Wani nazarin ra'ayoyin jama'a da aka wallafa a 2015, wanda Farfesa Morenike Folayan ta Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife na cikin waɗanda suka gudanar da shi, ya nuna cewa fargabar da aka fi ambata a Najeriya ita ce kashe kai, da rikici tsakanin ma'aurata, da kuma yiwuwar mutum ya ƙi zuwa asibiti bayan ya ga sakamako.

Damuwa ta biyu ita ce kuskure. A gwajin da aka yi wa OraQuick a Amurka kafin a amince da shi, an gano cewa a cikin kowane mutum 12 masu ɗauke da cutar da suka gwada kansu, ɗaya na iya samun sakamakon da ke nuna ba shi da ita.

A ɗaya ɓangaren kuma, mutum ɗaya ne kacal cikin dubu biyar marasa cutar zai ga layi biyu bisa kuskure.

Ta uku ita ce ƙididdiga. Gwajin da aka yi a asibiti na shiga littafi, ya isa ga hukumar yaƙi da ƙanjamau ta jihar Kaduna, KADSACA, da ta ƙasa, NACA. Wanda aka yi a ɗaki ba wanda ya san da shi, sai in mai shi ya kawo kansa.

Akwai kuma tsoron jabun kaya, ko waɗanda suka lalace saboda ajiya cikin zafin bazara a kantunan magani. Shawarar da ake bayarwa ita ce a duba lambar rajistar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, a kuma tabbatar ba a buɗe ledar ba.

Abin lura shi ne su ma ma'aikatan lafiyar na cikin masu buƙatar wannan sirri. Allura na iya soke su a bakin aiki, kuma wanda zai gwada su abokin aikinsu ne da suke haɗuwa kullum.

Bincike a Kenya da Habasha ya nuna cewa da yawa daga cikinsu sun daɗe suna gwada kansu a ɓoye da kayan asibiti, tun kafin a amince da hanyar a hukumance.

Me bincike ya nuna?

A birnin Bulantaya na Malawi an bi diddigin dubban mutanen da aka raba wa kayan gwajin har tsawon shekaru biyu. Sakamakon da aka wallafa a 2015 bai nuna ko mutum ɗaya da ya kashe kansa saboda gwajin ba.

Sai dai kimanin kashi uku cikin ɗari sun ce matsa musu aka yi, yawanci daga abokan zamansu.

A yankin Kisumu na Kenya kuwa an bai wa mata masu ciki da masu jego kayan su kai wa mazajensu. Kimanin kashi 91 cikin ɗari na mazajen sun yi gwajin, yayin da kashi 52 kawai suka yi a cikin waɗanda aka aika wa takardar gayyata zuwa asibiti.

Irin waɗannan alƙaluma ne suka sa WHO ta ce cutarwar da ake fargaba ba ta cika faruwa ba, kuma amfanin ya rinjaya.

Amma wani ɓangare na damuwar ma'aikatan na nan daram. Raba kaya abu ne mai sauƙi, tabbatar da cewa wanda ya ga layi biyu ya isa asibiti shi ne aikin da har yanzu ake fama da shi a ƙasashe da dama.

Mata da zaman aure

Binciken 2018 ya nuna cewa a Najeriya mata sun ninka maza wajen ɗauke da cutar, kashi 1.9 cikin ɗari a kan kashi 0.9 a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49. Ƙasar kuma na cikin waɗanda suka fi yawan jariran da ke kamuwa daga iyayensu mata.

Macen da aka gano tana da HIV a wurin awo, sau da yawa ita ake fara zargi, ko da kuwa mijin bai taɓa gwaji ba. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, lafiyar mutane da dama ce ta rataya kan amincewar maigida.

Kayan gwaji na gida na iya buɗe wannan ƙofa, tun da miji zai yi ba tare da ya zauna a layin mata ba. Amma ƙa'idar ita ce kada ungozoma ta bai wa mace kayan ta kai gida sai ta tabbatar cewa hakan ba zai jawo mata duka ko saki ba.

Haka kuma ba a yarda miji ya tilasta wa matarsa ba, ko uba ya tilasta wa 'yarsa, ko mai gida ya tilasta wa 'yar aiki.

Batun gwaji kafin aure shi ma ya shigo ciki. Hukumar Hisbah ta Kano ta sanya gwajin HIV a cikin sharuɗɗan auren zawarawa tun 2012, kuma a 2024 gwamnan jihar Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure. Majami'u da dama da iyalai Musulmi a Zariya su ma kan nemi takardar asibiti.

Gwajin gida ba ya maye gurbin wannan takarda. Amfaninsa shi ne saurayi ko budurwa su san halin da suke ciki tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, maimakon labarin ya fito ana saura mako guda biki.

Wa zai biya?

Kayan da ƙungiyoyin agaji ke rabawa kyauta ne, amma na kantin magani saye ake yi, alhali gwajin asibitin gwamnati ba a biya. Ga ɗalibi ko mai ƙaramin ƙarfi wannan ba ƙaramin cikas ba ne.

Kaso mai yawa na kuɗin yaƙi da HIV a Najeriya ya fito ne daga shirin PEPFAR da Amurka ta ƙaddamar a 2003, da kuma Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro.

A watan Janairun 2025 gwamnatin Shugaba Donald Trump ta dakatar da yawancin tallafin da take bai wa ƙasashen waje, abin da ya girgiza shirye-shiryen gwaji da wayar da kai a Afirka.

A watan Fabrairun shekarar majalisar zartarwa ta Najeriya ta amince da kashe naira biliyan 4.8 domin sayen maganin HIV. Idan kuɗi suka yi ƙaranci, magani ake fara karewa, aikin neman waɗanda ba su san matsayinsu ba shi ke fara shan wahala.

Bayan layi biyu

Inda ɓangarorin biyu suka haɗu shi ne cewa kayan gwajin kaɗai ba su isa ba. Ana buƙatar lambar waya da mutum zai kira a kowane lokaci, da bayani cikin harshen da yake ji, da masu kantin magani da aka horar, da kuma asibitin da zai karɓe shi ba tare da an daka masa tsawa ba.

Wanda ya fara magani da wuri ya kuma riƙe shi, na iya rayuwa tsawon shekaru kamar kowa, ya yi aure ya haifi 'ya'ya lafiyayyu. Idan ƙwayar ta ragu har gwaji ba ya iya ganinta a jini, ba ya yaɗa ta ga abokin zamansa ta hanyar jima'i.

Hausawa kan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Idan ma'aikacin da ke karɓar mutum a Samaru ko Jama'a ko Shika ya riƙe masa amana, wanda ya gwada kansa a ɗaki zai samu ƙarfin halin fitowa washegari ya nemi a tabbatar masa.